Bayar da Aron Shaguna ga Masu Sana'ar Fasaha Domin Farfaɗo da Birane

Wannan wani tsari ne da ake bai wa masu sana'ar fasaha, kamar masu zane da teloli da masu ɗaukar hoto da masassaƙa, aron shagunan da suka daɗe a rufe, domin su yi aiki a ciki kafin mai ginin ya samu ɗan haya ko ya tashi yin sabon gini. Manufarsa ita ce dawo da hada-hada a unguwar da kasuwarta ta mutu.

Wani sanannen misali shi ne na birnin Newcastle na ƙasar Ostiraliya. Girgizar ƙasa ta afka wa birnin a shekarar 1989, aka kuma rufe babbar masana'antarsa ta ƙarfe a 1999, ga shi masu sayayya sun koma manyan kantunan bayan gari. A shekarar 2008, Marcus Westbury ya kafa ƙungiyar Renew Newcastle, wadda ba ta neman riba. Ƙungiyar kan karɓi aron gini daga mai shi, ta ɗauki nauyin inshora, sannan ta danƙa wa mai sana'a bisa yarjejeniyar kwana 30 da ake sabuntawa. Shi kuma mai sana'ar zai share wurin, ya yi masa fenti, ya riƙa biyan kuɗi kaɗan duk mako. Ƙungiyar ta kammala aikinta a 2019.

Haka kuma a birnin Landan, ƙaramar hukumar Lambeth ta ba da aron wani filinta, inda aka jera kwantenoni aka buɗe Pop Brixton a 2015.

Sai dai muna jan hankali cewa tsarin yana da nasa haɗari. Da zarar unguwa ta farfaɗo, kuɗin haya kan tashi, kuma waɗanda suka raya wurin su ne ake fara sallama. Kayan aro ba ya rufe katara. Don haka muna shawartar jami'an ƙananan hukumomi da ke da shaguna ko filaye da ba a amfani da su, su rubuta yarjejeniya a gaban shaidu tun ranar farko, wadda za ta fayyace wa'adin aro, da wanda zai yi gyara, da kwanakin sanarwa kafin tashi. Shi ma mai sana'a ya riƙa tanadin kuɗin kama shagon kansa tun yana cikin na aro.