Fitilar Tebur Ko Ta Tsaye: Wace Ce Ta Dace Da Ɗakinka?

Fitilar gilashi mai launi, wadda 'yan kasuwa ke kira Tiffany, ita ce wadda ake yi wa hula da ƙananan yankan gilashi, ja da kore da shuɗi da ruwan zuma. Sunan na Louis Comfort Tiffany ne, Ba'amurke da ya rasu a 1933, wanda kamfaninsa ya fara fito da ita a ƙarshen shekarun 1890. Ana naɗe bakin kowane yanki da siririn jan ƙarfe, sannan a liƙa su da dalma. Na asali sai gidan tarihi da hannun attajirai. Waɗanda ake gani a shagunan Abuja, ko a Alaba ta Legas, kwaikwayo ne, galibi daga Sin. Duk da haka suna cin kuɗi, kuma idan hular ta fashe, samun mai gyara aiki ne. Shi ya sa mai haɗa kayan ɗakin amarya ko mai sabon gida ya kamata ya yi tunani kafin ya biya.

Iri biyu ne. Ta tebur gajeriya ce, yawanci ba ta wuce ƙafa 2 ba, ana ɗora ta kan durowar gefen gado ko teburin kwana. Ta tsaye kuwa tana kai ƙafa 5 zuwa 6, da ƙafarta take tsayawa.

Abu na farko da za ka duba shi ne yadda ake zama a gidanka. Hular gilashi nauyi gare ta, don haka nauyin ta tsaye duk a sama yake. A falon da ake zama kan kafet, ana cin abinci a ƙasa, yara na guje-guje, ja ɗaya da yaro zai yi wa waya shi ke nan, ta zo ƙasa. Irin wannan gida ta tebur ta fi masa, a ɗora ta inda hannun yaro bai kai, don ita kanta dalmar guba ce idan ana kai ta baki. In kuwa falon baƙi ne mai kujeru, ta tsaye ta fi kyau: a sa ta a lungu bayan kujera, a zaɓi mai faffaɗan gindi mai nauyi. Wanda ke haya a ɗaki ciki da falo a Kubwa ko Nyanya, yau nan gobe can, ta tebur ta fi sauƙin ɗauka ranar tashi.

Na biyu, ka sani ado ce. Gilashin na tare haske ya tura shi ƙasa, ba za ta haske ɗaki duka ba. Ta tsaye na yi wa mai karatu a kujera amfani, ta tebur kuma mai kwanciya.

Na uku, wuta. Lantarkinmu bolt 230 ne, na Amurka 120. Idan gwanjo ce daga can, a canza ƙwan, mai gyaran wuta ya duba waya da filogi. Ka kuma duba ko ƙwan na murɗawa ne ko mai kunne biyu. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kan yunit ɗaya. Da wannan farashi, tsohon ƙwai mai wat 60, awa 5 kullum, zai ci naira 2,025 a wata. LED mai wat 9, da ke ba da haske kusan iri ɗaya, wajen naira 300 kacal. Ga shi ba ya zafi sosai, ba ya saurin shanye batirin sola.

A wajen saye, ba a cinikin biri a sama: kada ka biya don ka ga hoto a waya. Ka sa a kunna maka. Ka taɓa hular tun ba a kunna ba: gilashin gaske sanyi gare shi da nauyi, na roba sakayau yake. Ka bi layin dalmar da ido, in akwai yankin da ke motsi, bar ta.

Da hunturu, ƙurar Abuja na maƙalewa a layukan nan. A cire filogi, a goge da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da omo da ruwan tsami.