Asalin Jin da Lemon Tsami

Duk wanda ya yi wa Turawan haƙar zinariya aiki a dajin Birnin Gwari ya sha ganin boyi da almuru yana matsa lemon tsami cikin wata farar barasa, wai ita jin. Mutanenmu suna tsammani don daɗi ne kurum. Ashe asalin abin magani ne.

A zamanin da, in ma'aikatan jiragen ruwan Ingila suka daɗe bisa teku ba ɗanyen abinci, sai dasashinsu ya kumbura, haƙora su zube, da yawa su mutu. Cikin 1747 wani likita, James Lind, ya gwada magunguna iri iri a kan majiyyata goma sha biyu, waɗanda ya ba lemo suka murmure. Cikin 1867 aka yi doka kowane jirgin fatauci ya riƙa ɗaukar ruwan lemo, a shekaran nan kuwa Lauchlan Rose ya sami dabarar adana shi da sukari. An ce hafsoshin jirgi ne suka fara gauraya shi da jin, aka sa masa suna gimlet.

Mu dai nan Arewa, Gwamna Lugga ya hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa, balle ga hanin addini. Lemon kuwa, wanda shi ne maganin, da ma yana bayan gidajenmu, mata suna matsa shi cikin kunun gyaɗa.