Akalar bincike kan noma da zazzaɓi: shirin SIMA a idon Gabi

A shekara ta 2001 ne ƙungiyar CGIAR, wadda ke haɗa cibiyoyin binciken noma na duniya tun 1971, ta kafa shirin SIMA domin nazarin dangantakar noma da zazzaɓin cizon sauro. An danƙa akalarsa ga cibiyar IWMI mai mazauni a Kolombo, ƙasar Siri Lanka. Dalili kuwa a fili yake, ruwan da ke raya shinkafa shi ke raya sauro. Sai dai a wannan shekarar Ijumba da Lindsay suka nuna cewa a wurare da dama na Afirka ƙauyukan ban-ruwa sun fi yawan sauro amma ba su fi yawan ciwon ba, domin mai amfanin gona yana iya sayen gidan sauro da magani.

Mu da ke duban al'amarin daga Gabi, cikin Madarunfa, rabon iko ne ya fi jan hankalinmu. A Nijar binciken noma yana hannun INRAN (1975), mai tasha a Tarna. Gandun ban-ruwa na Jiratawa yana ƙarƙashin kulawar ONAHA (1978), binciken cututtuka kuma CERMES ke yinsa a Yamai. Ruwan gulbin Maraɗi ma madatsar Jibiya ke tare shi, cikin Nijeriya. Irin wannan rarrabuwa SIMA ya so ɗinkewa, amma daga sama, kuma da Ingilishi. Kafin rahoto irin nasa ya kai ga manomin Gabi sai ya ratsa Faransanci, sa'annan Hausa. A zauren manomin kuwa «masassara» aka fi cewa, sunan da bai ambaci sauro ba.