Rubutu a Nan, Juyawa a Can

Masu ɗaukar tura manhaja zuwa kwamfuta mai nisa, domin a juya ta zuwa harshen na'ura, a matsayin sabon yayi sun manta mafarin sana'ar. A 1964, a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz suka fito da harshen BASIC. Ɗalibi na zaune gaban keken buga saƙo mai naɗin takarda, keken da bai iya lissafin komai ba. Abin da ya buga sai ya bi waya zuwa babbar kwamfutar General Electric, a juya shi a can, amsa ta dawo a takarda.

Za a ce wancan tilas ce, tunda kwamfuta ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, kuma ƙananan kwamfutocin shekarun 1980 sun dawo da aikin kan tebur. Haka ne, amma manyan manhajoji ba su daina yi wa na'urar tebur nauyi ba. Da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH a Finland a 1995, mai ɓoye sirrin abin da ke bin waya, sai tsohuwar hanyar ta samu tsaro, har Microsoft ta shigar da ita cikin Visual Studio Code, dandalinta na rubuta manhaja, a 2019.