Ɗan Ibro: Gandiroban da Ya Zama Sarkin Camama

A shekarar 1991, shekarar da aka yanko Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, wani saurayi ɗan ƙauyen Ɗanlasan da ke ƙasar Warawa a Kano ya sa kakin gandiroba. Sunansa Rabilu Musa. Ya yi firamare a ƙauyensu, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, sannan ya yi shekara 8 yana aikin gidan yari kafin ya ajiye ya rungumi wasan barkwanci a fim. Ba a jima ba yaran Nasarawa a Birnin Kebbi da na bakin gulbi a Argungu suka fara kwaikwayon maganarsa a hanyar makaranta, ba su ma san sunansa na yanka ba. Ibro kawai suka sani.

Ban dariya a bainar jama'a tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Ɗan kama yakan tsaya a kasuwa ko gidan biki ya ɗauki salon wa'azi ko na waƙa ya mayar da shi kan tuwo da miya, jama'a su yi ta faɗuwa. Yara kuma suna da tashe idan azumi ya kai kwana goma. Da talabijin ta zo, sai wasan ya koma akwati: Usman Baba Pategi da Samanja Mazan Fama a Kaduna, Ƙasimu Yero da Karambana, Karkuzu a Jos, mutanen yankin Sakkwato da Kebbi kuma suna da Idon Matambayi daga tashar Sakkwato. Rabilu ya taso ne yana wasan daɓe da abokansa, inda mai wasa ke ganin fuskar ɗan kallo ƙuru-ƙuru. In maganarka ba ta yi daɗi ba, nan take za ka sani. A Amurka ma haka manyan 'yan barkwanci suka faro: Buster Keaton tun yana ƙaramin yaro yake hawa dandali tare da iyayensa, bai shiga fim ba sai a 1917.

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya kankama a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Ibro ya shigo da 'Yar Mai Ganye, kasuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. Daga nan sana'ar ta rabu gida biyu. Akwai finafinan soyayya masu manyan gidaje da motoci da rawa irin ta Indiya, akwai kuma abin da aka laƙaba wa suna camama, wanda 'yan ɗaya ɓangaren ke yi wa kallon raini saboda arharsa.

Arha kam akwai ta. Kyamara ɗaya, zauren wani gida a ƙauye, 'yan kwanaki kaɗan, an gama. Sau da yawa gundarin labarin kawai ake tsarawa, sauran maganar daga bakin 'yan wasa take fitowa. A nan ne horon daɓe ya yi rana. Ibro zai shigo da jar hularsa, ya ƙanƙance murya, ya zare ido, ya cika baki da kurin jarumta, da zarar abin ya zo da gaske kuma sai ya fara neman hanyar tsira yana kame-kame. Yau direba ne, gobe ɗan sanda, jibi boka ko wanzami ko ɗan siyasa. Kusan kullum talaka ne mai wayon da ba ya kai shi ko'ina, wanda ke ƙulla dabara ta warware a kansa. Mai kallo a gidan kallo, zaune a benci, janareto na ƙugi a waje, ya san wannan mutumin. Maƙwabcinsa ne, ko mai binsa bashi, ko shi kansa. Abin da ya sa Kanancin Ibro bai hana Bakabe ko Ba'are ko mutumin Maraɗi jin daɗinsa ba ke nan.

Kunnensa kuma yana kan abin da duniya ke ciki. Da kiɗan Awilo Longomba ɗan Kwango ya cika gari, sai ga Ibro Awilo. Waƙoƙin Indiya da Hausawa suka haddace tun zamanin silima, ya juya su zuwa Hausa a Ibro Ɗan Indiya. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 ya fito a Ibro Usama, fim ɗin da ya jawo masa fushin wasu malamai. Ba duka finafinansa ne suka yi kyau ba, an yi wasu cikin gaggawa don a cika kasuwa, kuma hakan na nunawa. Amma wanda ke son sanin abin da talakan Arewa ke tattaunawa a majalisa a waɗannan shekaru zai fi samunsa a camama fiye da finafinan soyayya.

Shekarar 2008 ta zo masa da jarrabawa. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta tsaurara wa masu sana'ar tun daga 2007. Aka kama Ibro kan fim ɗin Ibro Aloko, aka gurfanar da shi gaban kotun tafi-da-gidanka, aka yanke masa ɗaurin wata 2 tare da Lawal Ƙaura. Tuhumar ta shafi rashin bin ƙa'idar hukuma da rawar da aka ce ba ta dace ba, sai dai mutane da yawa sun ɗauka waƙar Mamar da ke cikin fim ɗin, wadda ake yi wa fassarar habaici ga masu mulki, ita ce ainihin laifin. Mutumin da ya yi shekara 8 yana riƙe da makullin gidan yari, ga shi an rufe shi a ciki. Abin ya yi wa masoyansa ciwo ƙwarai, kuma suna da gaskiya: ɗan kama ya saba faɗin abin da ya gani a ƙofar fada a bar shi ya tafi gida.

Ya fito ya ci gaba da aiki, har manyan furodusoshin da a da ba sa kallon camama suka riƙa sa shi a finafinansu, don sun san fuskarsa a jikin kwali tana sayar da faifai. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya rasu a Kano ranar 10 ga Disamba, 2014, saura kwana 2 ya cika shekara 43. Abokan aikinsa irin su Sulaiman Bosho, Rabi'u Daushe, Baba Ari da Mustapha Naburaska suka ci gaba da riƙe fagen, kasuwar faifai kuma ta mutu bayan 'yan shekaru, barkwancin ya koma YouTube da wayar hannu. A can ake samun finafinan Ibro yanzu, da yawa gutsure-gutsure, hoton ya dushe, sautin yana shaƙewa. Aikin da ke gaban Kannywood, wato masana'antar finafinan Hausa, da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu shi ne a nemo kaset-kaset ɗin asali a hannun furodusoshi da tsofaffin dillalan Kano, a kwafe su da kyau tun ba su lalace ba.