Littattafan yaƙi a adabin Hausa

Littattafan yaƙi wani reshe ne na ƙagaggun labaran Hausa wanda jigonsa shi ne jarumtaka, gwabzawar dakaru, da fafutukar neman mulki ko ɗaukar fansa. Yawancinsu suna haɗa sadaukai da bokaye da aljanu da makamai masu sihiri, wasu kaɗan kuma suna shigo da kimiyya da tafiya sararin samaniya. Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 an fi buga su kashi-kashi, wato littafi na ɗaya, na biyu, na uku har zuwa ƙarshe. Wannan tsari ya haifar da al'adar jiran ci gaba a tsakanin masu karatu a arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Asali

Tushen wannan reshe yana cikin adabin baka: tatsuniyoyi, kirarin jarumai, da labaran yaƙe-yaƙen sarakunan ƙasar Hausa. Labaran Larabawa irin na Dare Dubu da Ɗaya da na jarumi Saif bin Zi Yazan su ma sun yi tasiri.

A rubutun boko, littafin farko da ya yi fice a wannan fanni shi ne Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Ya fito ne daga gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934 tare da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Rabin farko na labarin ya tsaya a kan tarihi, inda jarumin ya yi yaƙi da Turawan Ingila lokacin da suke cin ƙasar Arewa. Daga nan labarin ya koma duniyar aljanu, inda Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka ci gaba da gumurzu. Wannan haɗi na tarihi da almara ya zama abin koyi ga marubutan da suka biyo baya.

A 1951 aka buga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Labari ne na yaron da aka haifa ba ya iya tafiya, daga baya ya warke ya zama barde a fadar Sarki Waldima. Masu nazari sun danganta shi da labarin Iliya Muromets, jarumin tatsuniyoyin Rasha.

Shigowar kimiyya

Littafin da aka fi ambata a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1969, shekarar da 'yan sama-jannatin Amurka suka sauka a duniyar wata. Littafin ya ba da labarin wani yaro mai suna Kilba wanda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauka suka yi yawo tare. Jigonsa kasada ne da ilmantarwa game da taurari, amma ya nuna cewa harshen Hausa yana iya ɗaukar irin wannan labari. Duk da haka, marubutan yaƙi da suka zo daga baya sun fi karkata ga tsafi da aljanu. Aikin da kumbo da na'ura suke yi a labaran kimiyya na Turai, a nan tsuntsun aljani da madubin tsafi da takobin sihiri ne suke yin sa.

Zamanin adabin kasuwar Kano

A tsakiyar shekarun 1980 marubuta a Kano da kewaye suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ba tare da jiran manyan kamfanonin ɗab'i ba. Labaran soyayya ne suka fi yawa a wannan zamani, amma littattafan yaƙi sun samu nasu masoya, musamman samari da ɗaliban sakandare. Daga cikin sunayen da aka fi sani akwai Abdulaziz Sani Madakin Gini, marubucin Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, da Aliyu Abubakar Sharfaɗi, wanda ya kawo labarin Malikussaif cikin Hausa a jerin littattafai masu yawa. Nazir Adam Salih shi ma ya yi suna a labaran kasada da abubuwan al'ajabi.

Tsarin kashi-kashi da jiran ci gaba

Dalilin raba labari kashi-kashi na kuɗi ne tun farko. Marubucin da ke buga wa kansa ba ya da jarin fitar da babban littafi a lokaci ɗaya, saboda haka sai ya buga ƙaramin kashi mai sauƙin kuɗi, ya yi amfani da cinikinsa wajen buga na gaba. Mai karatu ma ya fi iya sayen ƙarami. Wanda ba shi da halin saye sai ya je shagon haya, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya karanta ya mayar. Littafi ɗaya kan zaga aji guda ko unguwa guda kafin ya yage.

Wannan tsari ya shafi yadda ake rubuta labarin kansa. Marubuci yakan tsaya ne daidai inda hankalin mai karatu ya fi tashi: an kewaye jarumi, ko an ɗaga takobi za a sare shi, ko rundunoni biyu sun yi sahu suna fuskantar juna. Sai ya rufe da alkawarin haɗuwa a littafi na gaba. A tsakanin fitowar kashi biyu, masu karatu kan yi muhawara a kan wanda zai yi nasara, suna kuma zirga-zirga wurin masu sayar da littattafai suna tambaya ko ci gaban ya iso. Tsarin yana da nasa haɗari: idan kashi na farko bai yi kasuwa ba, ko kuɗin takarda ya tashi, ci gaban kan yi jinkiri, wani lokaci ma labarin ya tsaya ba ƙarshe.

Masu karatu a Nijar

Littattafan Kano suna da masu karatu a Jamhuriyar Nijar, inda Hausa ne harshen da ya fi yawan masu magana. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da kayan kasuwar Kano suke bi zuwa can ita ce wadda ta ratsa Katsina zuwa Jibiya, ta tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Wannan hanya ta sha tsayawa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. A daidai waɗannan shekaru karatun littattafan Hausa ya riga ya koma wayar hannu, ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, da tashoshin YouTube inda ake karanta labari da murya. Jiran ci gaba bai gushe ba, amma yanzu ana ƙirga shi da kwanaki maimakon watanni, kuma rufe iyaka ba ya tare shi.

Kwatanci da na ƙasashen waje

A Turai da Amurka akwai reshen da ya haɗa yaƙi da kimiyya kai tsaye. Ana yawan fara tarihinsa da The War of the Worlds na H. G. Wells, wanda shi ma kashi-kashi aka fara buga shi a mujalla a 1897 kafin ya zama littafi a 1898. Starship Troopers na Robert Heinlein ya fito a 1959, sai The Forever War na Joe Haldeman, tsohon sojan yaƙin Biyetnam, a 1974. Jerin Honor Harrington na David Weber, wanda ya fara a 1993, ya riƙe masu karatu shekaru da dama suna jiran sabon littafi. Bambancin ya fi fitowa a kayan yaƙi da fagen fama. Jarumi, runduna, maƙiyi mai ƙarfi, da tsayawa a inda labari ya yi zafi duk abu ɗaya ne.

Suka

Wasu malamai da iyaye sun soki littattafan yaƙi saboda yawan ambaton tsafi da zubar da jini, wasu kuma saboda maimaita salo ɗaya da kurakuran ƙa'idar rubutu. Marubutan kan amsa da cewa a ƙarshen labaransu gaskiya da imani ne suke rinjayar tsafi. Masu kare su suna ƙarawa da cewa matasa da yawa a kan waɗannan littattafai suka ƙware da karatun Hausa.