Cipro: abin da ya kamata a sani kafin a sha

A kemis-kemis ɗin da ke kewayen tashar mota da kasuwar Utako a Abuja, cikin magungunan da na fi jin ana kira da sunansu akwai Cipro. Mutum ya kwana biyu da zazzaɓi, sai ya ce taifot ne, a ba shi kati ɗaya. Haka abin yake a Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas.

Cikakken sunansa ciprofloxacin, dangin fluoroquinolone ne tare da ofloxacin da levofloxacin. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya ƙirƙiro shi, aka amince da shi a Amurka a 1987. Ƙwayoyin bakteriya yake kashewa, don haka likita kan rubuta shi ga taifot da wasu cututtukan mafitsara da na hanji. Ba ya maganin maleriya, ba ya maganin mura. Gwajin Widal da ake dogara da shi kuwa yakan nuna taifot ko babu ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido, saboda yawan shan sa na sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa.

Illar da ta fi damuna ita ce ta jijiya. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa cewa yana iya kumbura jijiyar agara, har ta tsinke. Abin kan faru cikin kwana biyu da fara sha, ko bayan watanni da gamawa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon ƙoda, da mai shan prednisolone ko dexamethasone, wanda wasu ke sha don ƙiba. Wannan haɗin, wallahi, ganganci ne. Da zarar ka ji ciwo a bayan dunduniya, ko hannu da ƙafa na yi maka kamar ana tsira allura, ka dakatar, ka huta da ƙafar, ka ga likita a ranar. A 2018 FDA ta ƙara gargaɗi kan faɗuwar sukari, da tsagewar babbar jijiyar jini mai fitowa daga zuciya.

Sai maganar abinci, inda namu suka fi yin asara. Nono da kindirmo da madara suna riƙe maganin a ciki, jiki bai samu ba. Haka maganin olsa irin su Gestid, da maganin ƙarin jini. A sha Cipro awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu, da ruwa mai yawa. Fura da nono ta jira.

Direbobinmu masu dogon zango zuwa Legas ko Fatakwal su sani yana iya kawo jiri. Mai juna biyu, mai shayarwa, yaro, mai farfaɗiya, da mai shan warfarin ko maganin sukari, kada su sha sai likita ya san halinsu. In an rubuta maka, saya a famasi mai rajista, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka sha iya kwanakin da aka ce, kada ka raba ragowar da maƙwabci.